Aradu, Dorina, Damisa da Kada: Yadda Ake Rarrabe Jiragen Sojan Ruwan Najeriya

Wata Asabar da hantsi, a teburin mai shayi da ke bakin titin Mando, wani saurayi ya sauko daga adaidaita sahu cikin fararen kaya fes, har takalminsa fari. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya dube shi sama da ƙasa.

"Ɗana, kai kuma malamin asibiti ne?"

"A'a Baba, ɗalibin NDA ne, ɓangaren sojan ruwa."

"Sojan ruwa a Kaduna? Wane ruwan? Wannan na ƙarƙashin gada da yara ke tsallakewa da ƙafa lokacin bazara?"

Aka yi dariya, saurayin ma ya dara. Amma tambayar tsohon tana kan hanya. Kaduna na nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, duk da haka nan ne mafi yawan hafsoshin da ke jan jiragen yaƙin ƙasar nan suka fara koyon fareti. NDA, makarantar horar da hafsoshin soja wadda aka buɗe a 1964, tana horar da na ƙasa da na sama da na ruwa tare, sai daga baya na ruwan su wuce kwalejinsu da ke Onne a Jihar Ribas. In sun yi girma a aiki su dawo Jaji yin kwas. A Kachia kuma rundunar ruwan tana da makarantar koyon aikin makamai. Muna ganin mutanen, jiragen ne ba mu gani. Harshenmu ma bai taimaka ba: na fito da ke tsallakar da mata da buhunan masara jirgin ruwa ne, ƙaton da ke ɗauke da makamai masu linzami shi ma jirgin ruwa ne. Sai rediyo ya ce "rundunar sojin ruwa ta ƙaddamar da sababbin jirage", mai sauraro bai san ko giwa aka saya ko zomo ba.

Akwai wata dabara da ke sauƙaƙa ganewa, kuma rundunar ce da kanta ta bar mana ita. A shekarun 1970 da 1980, in ta sayo jirage iri ɗaya sai ta raɗa musu sunan abu ɗaya cikin harsunan ƙasar daban-daban. In ka ji sunan, ka ji dangin. Kuma zaɓin bai zo da ka ba, kowane suna ya yi kama da halin jirgin.

Mu fara da tsawa. NNS Aradu (NNS alama ce ta jirgin sojan ruwan Najeriya) shi ne jirgin yaƙi mafi ƙarfi da Najeriya ta taɓa mallaka, kuma sunansa Hausa ce tsantsa, aradun nan dai da ake rantsuwa da ita. Kamfanin Blohm + Voss ne ya ƙera shi a Hambog ta Jamus, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa ya kai mita 125, wato in aka ajiye shi a filin ƙwallon Ahmadu Bello sai ya zarce raga da raga, nauyinsa kuwa ya haura tan 3,000. Irinsa ake kira firiget. Abin da ya sa firiget ya zama firiget shi ne yana iya faɗa ta fuska uku shi kaɗai: yana da makamai masu linzami na harbin wani jirgin daga nesa, da na kakkaɓo jirgin sama, da makaman da ke tafiya cikin ruwa don farautar jirgin ƙarƙashin teku. Ga babbar igwa a goshi, ga wurin saukar helikwafta a baya. Injinansa ma iri biyu ne. Na dizal don tafiyar yau da kullum mai tattalin mai, da wani mai aiki irin na jirgin sama wanda ake tayarwa in ana son gudu. A 2005 Aradu ya je Ingila bikin cikar shekara 200 da yaƙin Tirafalga, ya jera da jiragen manyan ƙasashe. Bayan wannan, mafi yawan labarinsa na zaman gaɓa ne da jiran gyara, har aka kai ga ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar sabunta shi a 2023.

Kafin Aradu akwai NNS Nigeria, wanda aka ƙera a Holan a 1965. Shi ya nuna amfanin babban jirgi a yaƙin basasa: toshe hanyar teku, da rakiyar dakarun da aka sauke a Bonny a Yulin 1967 da Kalaba a Oktoban shekarar. Masu ba da labarin yaƙin sun fi ambaton sojan ƙasa, amma rufe tekun nan yana cikin abubuwan da suka karya Biyafara.

A yau akwai wasu biyu da ake lissafawa cikin wannan aji, NNS Thunder da NNS Okpabana. Su kam gwanjo ne. Jiragen masu gadin gaɓar Amurka ne da suka fara aiki tun 1968, aka miƙa wa Najeriya na farko a 2011, na biyu a 2014, bayan an cire wasu na'urori da makamai. Tsawon kowanne mita 115. A takarda firiget ne, a aiki kuwa manyan jiragen sintiri ne masu dogon numfashi. Kuma sun yi aiki. Thunder ya yi tafiya har Sidni ta Ostireliya a 2013. Okpabana na cikin waɗanda suka bi sawun tankar mai ta MT Maximus da 'yan fashin teku suka sace a Fabrairun 2016, aka ƙwato ta can kusa da tsibirin Sawo Tome. Wanda ya taɓa hawa tsohuwar Fijo 504 ta Kakuri ya san irin wannan: ta tsufa, tana shan mai, amma tana kai ka.

Sama da firiget akwai ajin da ba mu da shi. Manyan jiragen rakiya na Amurka masu tan 9,000, da jiragen dakon jiragen sama masu tsawon fiye da mita 330, da jiragen ƙarƙashin teku. A Afirka, Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu ne ke da na ƙarƙashin tekun. Lokaci-lokaci za ka ga matasa a Facebook suna kukan wai ƙasa kamar Najeriya ba ta da ko ɗaya. Ni ban ga abin kuka ba. Jirgin ƙarƙashin teku an yi shi ne don ya ɓuya ya nutsar da jiragen wata ƙasa. Ba ya tsayar da tanka ya duba takardu, ba ya bin ɓarawon mai cikin fadama. Kuɗin ɗaya sai ya sayi jiragen sintiri masu yawa.

Sai dorina. Ƙasa da firiget akwai wanda ake kira kobet: gajere, mai kauri da makamai, amma ba ya jure dogon zango. Najeriya ta sayo huɗu daga kamfanin Vosper Thornycroft na Ingila. Dorina da Otobo suka zo a farkon shekarun 1970, Erinomi da Enyimiri suka biyo baya wajen 1980. Erinomi da Yarabanci giwar ruwa, Enyimiri ma haka da Ibo, wato dai dorinar. Dabba ce da ba ta nisa da gaɓa, amma kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da ruwanta. Zamanin waɗannan huɗun ya wuce, kuma ba a maye gurbinsu da irinsu ba.

Labarin damisa ya fi daɗi, ya kuma fi ban takaici. A Oktoban 1967 wasu ƙananan jiragen Masar masu makamai masu linzami suka nutsar da babban jirgin yaƙin Isra'ila mai suna Eilat a kusa da Fot Sa'id. Duniya ta farga cewa ɗan ƙaramin jirgi mai gudu, in an ɗora masa makamin da ya dace, zai iya kayar da wanda ya ninka shi sau goma. Ƙasashe masu tasowa suka yi rububin saye. Najeriya, da kuɗin mai a hannu, ta sayo shida a farkon shekarun 1980. Uku daga Jamus: Ekpe, Damisa da Agu. Uku daga Faransa: Siri, Ayam da Ekun. Damisa tamu ce, Agu ta Ibo, Ekun ta Yarabawa, Ekpe ta Efik. Tsawon kowanne bai kai mita 60 ba, amma na Faransan sun zo ɗauke da Exocet, irin makamin da Ajantina ta halaka jirgin Birtaniya HMS Sheffield da shi a yaƙin Fokland na 1982. Aikin damisa ke nan: ta laɓe, ta yi tsalle ɗaya, ta ɓace.

Matsalar ita ce makami mai linzami ba takobin gado ba ne da za a rataye a bango shekara talatin. Yana da wa'adi kamar magani. Yana son ɗaki mai sanyi, da gwaji a kai a kai, da ƙwararrun da za su kula da na'urorin da ke saita shi. Injinan masu gudu kuma suna cin kayan gyara, kayan gyaran kuwa da kuɗin waje ake sayensu. Farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, naira ta bi shi, sannan takunkumin zamanin Abacha ya rufe ƙofar kayan soja daga Turai. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san kuɗin sayensa shi ne mafi sauƙi a cikin hidimarsa. Abin da ya sami damisoshin nan ke nan, shi ya sami dorinonin, shi ya zaunar da Aradu. Ƙasar da a 1983 take da rundunar ruwan da ba ta da ta biyu a Afirka ta Yamma ta wayi gari da jirage masu kyan fenti a bakin gaɓa.

Daga nan tunani ya sauya, kuma a ganina ya sauya zuwa daidai. Aka fara tambayar wane ne ainihin abokin gabar da ke cikin ruwanmu. Gaɓar Najeriya ta kai kimanin kilomita 850. Daga gaɓar zuwa mil 12 na teku ƙasarmu ce kamar yadda Kawo take ƙasarmu. Daga nan har mil 200, wato kilomita 370, kifi da man da ke ciki namu ne, duk da jiragen kowa na iya wucewa. Kilomita 370 kamar ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ka dawo ne. A cikin wannan fili rijiyoyin mai irin su Bonga da Agbami da Egina suke. Masu shiga su yi ɓarna kuwa ba rundunar wata ƙasa ba ce. 'Yan fashi ne masu satar matuƙa don kuɗin fansa, da tankokin da ke lodin ɗanyen mai ba izini, da jiragen kamun kifi na ƙetare, da masu safarar ƙwaya. A Yunin 2008 'yan bindigar Neja Delta suka kai hari Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, cikin ƙananan jirage masu inji. Ba a harba wa irin waɗannan Exocet.

Abin da ake buƙata jirgi ne da zai fita ya yi makonni yana kai-komo, mai sauƙin inji, mai igwa matsakaiciya, da wurin helikwafta, da ƙananan jiragen roba da zai sauke su kai sojoji su hau jirgin da ake zargi. Shi ne jirgin sintirin nesa da gaɓa. NNS Centenary da NNS Unity, waɗanda aka ƙera a Sin suka iso a 2015 da 2016, irinsa ne, kowanne mita 95. Unity ne aka tura gaɓar Gambiya a Janairun 2017 lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka. An kuma ba Dearsan aikin wasu biyu masu mita 76. Ba su da kwarjinin Aradu, amma suna fita.

Ƙasa da su akwai tarin masu sintirin kusa da gaɓa, daga mita 20 zuwa 40 da 'yan kai, na Faransa da Isra'ila da wasu ƙasashen. Waɗannan sunayen garuruwa da koguna aka fi ba su, shi ya sa za ka ji NNS Zaria, NNS Kano, NNS Sokoto, NNS Nguru, NNS Shiroro. Tun kafin 'yancin kai ma akwai wani ɗan jirgin tsaron gaɓa da aka karɓo daga Birtaniya aka sa masa suna Kaduna. A wannan ajin ne muka fara ƙera namu. Ma'aikatar jiragen rundunar da ke Legas ta fitar da Andoni a 2012, mita 31. Ta fitar da Karaduwa a 2016, mai sunan kogin nan na ƙasar Katsina. Ta fitar da Oji a 2021, mita 43. Gaskiya injina da na'urori daga waje ake kawo su, gangar jiki da haɗawa ne namu. Amma wanda ya haɗa abu da hannunsa ba sai ya jira Bature ya zo ya kwance masa ba, kuma wannan shi ne ciwon da ya kashe jiragen 1980.

Jirgi komai kyansa ba ya kama abin da bai gani ba. Shi ya sa aka kafa na'urorin rada da kyamarori a gaɓa, tsarin da ake kira Falcon Eye, aka ƙara da shirin Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, a 2021, ga dokar hukunta fashin teku ta 2019. Haɗuwar waɗannan da jiragen sintirin ce ta sa a 2022 hukumar ƙasa da ƙasa mai lura da fashin teku ta cire Najeriya daga jerin ruwayen da suka fi haɗari.

Yanzu ga namu na gida, kada. Sunan garin nan ma ana cewa daga jam'insa ya fito. NNS Kada ya iso Legas a 2022, kamfanin Damen ne ya ƙera shi a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, tsawonsa mita 100. Jirgin sauke dakaru ne. Cikinsa fili ne kamar gareji, ƙasansa a baje yake don kada ya nutse da yawa cikin ruwa, goshinsa kuma ƙofa ce. Yakan matso har bakin yashi, ya buɗe baki, motoci masu sulke su fito da ƙafarsu, sojoji wajen 250 su biyo baya. Dabbar da ke iyo ta kuma hau tudu, ai ba wani sunan da ya fi wannan. Magabatansa Ambe da Ofiom, waɗanda aka sayo daga Jamus a ƙarshen shekarun 1970, su ma kadan ne da wasu harsunan. Ambe na cikin jiragen da suka kai dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, Laberiya a 1990. Kada kuwa, 'yan watanni da isowarsa, ya ɗauki sojoji da kayansu zuwa Gini Bisau. In da za a tambaye ni jirgin da ya fi ba ƙasar nan murya a yankin ECOWAS, shi zan nuna, don ƙasar da ba ta iya kai sojanta da motocinta inda ake rikici sai dai ta aika da takardar Allah wadai.

Akwai dangin kyanwa ma: Kyanwa, Ologbo, Nwamba da Obula, tsofaffin jiragen aikin gaɓa na Amurka da aka karɓo a farkon shekarun 2000 aka sa su sintiri da dakon kaya. Akwai Ohue da Barama, masu farautar nakiyar ruwa daga Italiya, waɗanda aka yi jikinsu da roba mai tauri maimakon ƙarfe, saboda wata nakiyar maganaɗisun ƙarfe take ji ta tashi. Akwai Prosperity, tsohon jirgin sojan ruwan ƙasar Ayalan da ɗalibai ke koyon aikin teku a kansa. Sai Lana, wanda ya zo daga Faransa a 2021, ba don faɗa ba. Aikinsa auna zurfin ruwa da zana taswirar ƙasan teku. Shekara da shekaru taswirar Birtaniya matuƙa ke dogaro da ita a ruwanmu, alhali bakin koguna irin na Neja Delta kullum yashi na sauya musu kama. Kowane jirgin da na ambata a sama, da na 'yan kasuwa masu kawo alkama da takin da ke ƙarewa a kasuwanninmu, a kan aikin irin Lana suke tafiya.

Duk waɗannan na teku ne. Da zarar an shiga cikin Neja Delta sai lissafi ya juye. Dubban ƙoramu ne masu murɗewa cikin dajin da saiwoyinsa ke tsaye a ruwa, wani wurin faɗinsa bai fi layin unguwa ba, zurfinsa kuma yana hawa da sauka sau biyu a yini. Giwa a garin wani zomo ce, Aradu a nan ko juyawa ba zai iya ba. Masu mulkin wurin ƙananan jirage ne na mita tara zuwa goma sha wani abu, masu injin rataye biyu ko uku a baya, da babbar bindiga a kan ƙarfe, wasu da ɗan sulke a gefe. Ana shigo da wasu, ana ƙera da yawa a Fatakwal. Akwai kuma jiragen kwana, wato gidaje masu iyo da ake ɗaurewa a mahaɗar ƙoramu, sojoji su zauna a ciki su tare hanya, kamar shingen bincike a titin Birnin Gwari. Da irin waɗannan ake isa wuraren dafa ɗanyen mai na ɓoye. Zaratan rundunar da ake kira SBS ma da ƙananan jiragen suke aiki. Sojan ƙasa su ma suna da nasu, da makarantar koyon yaƙin ruwa da tudu a Kalaba, haka 'yan sandan ruwa.

Irin wannan jirgin ne ya shafe mu kai tsaye a Arewa. Rundunar tana da sansani a Lokoja, mahaɗar Neja da Binuwai, inda tun zamanin Lugga Turawa suka ajiye jiragensu na kogi. Tana da wani a Baga, bakin Tafkin Chadi. Tafkin ya fi ko'ina wahala. Mafi yawansa bai wuce tsawon mutum ba a zurfi, cike yake da tsibiran da mutanen wurin ke kira tumbu, ga ciyayi da kachalla da ke shaƙe hanya suna naɗe farfela. Mayaƙan da ke ɓoye a ciki da kwale-kwalen masunta suke yawo, sun san kowace kafa. Sojan da zai bi su yana buƙatar jirgi mai bajajjen ƙasa, da mai share ciyawa a gaba, da ɗan gari da ya san ruwan. Wani lokacin sai an kashe inji an koma tura jirgi da gora, kamar yadda Sarkawan Yawuri ke yi tun kaka da kakanni.

Da saurayin nan na Mando ya samu zama, abin da zai gaya wa tsohon ke nan: a cikin dukan waɗannan, na ƙarshen ne kaɗai zai iya iyo a ƙarƙashin gadar Kaduna, shi ma sai cikin Agusta in kogi ya kawo. Kuma ko ya bi ruwa ya gangara, tafiyarsa za ta tsaya a madatsar Shiroro.